Ruwa da Inuwa: Littafin Filin Bishiyoyin Kirsimeti na Bana

Litinin, 28 ga Oktoba, 2024

Yau mai filin ya miƙo mini makullin famfo da wani littafi mai jan bango, ya ce bana ruwa da inuwa a wuyana suke. Shekara ta uku ke nan ina yi masa aikin ƙarshen shekara a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa. Yakan saro bishiyoyin Kirsimeti daga gonakin kan duwatsu, ya sayar wa ƙananan 'yan kasuwa da coci-coci a sari, ragowar kuma mu sayar ɗai-ɗai a bakin titi.

Bara mun kwashi kashinmu a hannu. Cikin bishiya 1,200, kusan 150 sun bushe a wurinmu kafin tsakiyar Disamba, in ka girgiza reshe sai ganye ya zubo kamar ana sheƙar gero. Dattijon, wato mai filin, ya ɗora laifin a kan manomi, manomi ya ɗora a kan direba. Ni da nake tsaye a filin kullum na san inda gizo yake saƙa: mun jibge kaya a kan kwalta, rana ta doke su, iska ta busa su, ko ɗigon ruwa babu wanda ya ba su.

Mahaifina fataucin goro ya yi tsakanin Shagamu da Katsina. Tun ina yaro na san cewa goro a huhu yana da rai, yana numfashi, kuma ranar da ka manta da shi ranar zai fara yaushi. Da na faɗa wa dattijon haka bara, dariya ya yi. Bana da ya duba lissafinsa, shi ya neme ni.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun hau duwatsu duba kaya. Tafiyar awa biyu ce, ta Winston-Salem da Wilkesboro, sannan a haura zuwa gundumar Ashe, wadda ita ce cibiyar wannan noma a jihar. Har yanzu ana ganin ɓarnar guguwar Helene ta ƙarshen Satumba: gefen hanya ya zaftare a wurare, an tara itatuwan da ruwa ya tumɓuke a bakin rafi. Gonar da muke hulɗa da ita ta tsira, sai dai hanyar shiga wani ɓangarenta da ruwa ya cinye.

Bishiyar da ake nomawa a nan ita ce Fraser, mai sunan John Fraser, ɗan Sikotilan da ya yi yawon tattara tsirrai a waɗannan duwatsu a ƙarshen ƙarni na 18. Asalinta ta ƙololuwar duwatsun Afalashiya ce, shi ya sa ba ta yi a ƙasan kwari inda muke. Ganyenta gajeru ne sirara kamar tsinken ashana, kore shar a sama, fari-fari a ƙasa, kuma ta fi yawancin 'yan'uwanta riƙe ganye bayan an sare ta. Jihar Oregon ce kaɗai ta fi wannan jiha fitar da bishiyoyin Kirsimeti a Amurka. Kafin bishiya ta kai ƙafa bakwai, sai ta yi shekara bakwai zuwa goma a gona, ban da shekarun da ta yi a wurin reno. Abin da mutum ya yi wa hidimar shekara goma ne muke kashewa cikin kwana goma a kan kwalta.

Abin da ya ɗaga mini hankali yau zafi ne. Muna kan dutse a watan Nuwamba amma na cire rigar sanyi. Manomin ya ce tun bayan guguwar ba su ga ruwan kirki ba, kuma sanyi mai kama jiki bai sauka ba. Wannan babban al'amari ne, domin bishiyar sai ta sha dare masu sanyi a jere kafin ta kwanta barcin hunturu, ganyenta ya kafu. Wadda aka sare kafin nan, tana cikin ɗumi, ita ce mai zubar da ganye da wuri ko da an kula da ita.

Dattijon yana so a sare duka a mako mai zuwa, mota ɗaya ta kwaso, ya huta da kuɗin tirela biyu. Na ce masa, “Maigida, ka raba shi biyu. Na 'yan sari a sare yanzu tunda sun matsa, namu a bari sai sanyi ya sauka.” Ya yi shiru yana lissafi a kansa. Manomin ne ya raba gardamar, ya ce shi ma da nasa ne haka zai yi. An tsaya a kan 450 a karon farko, 750 daga baya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun mayar da ma'ajiya bayan ɗakin kaya, gefen arewa, inda inuwar gini ke kwana kusan dukan yini a wannan watan. Ƙasa ce, ba kwalta ba. Mun kafa dirkoki, mun ja baƙar ragar inuwa irin ta masu renon tsirrai a sama da kuma gefen yamma inda iska ke shigowa. Na sa an sauke mota guda ta garin katako, mun baza shi kaurin taƙi ɗaya. Na ja tiyo biyu daga famfo. Ɗan'uwana ɗan Maraɗi, wanda na samo wa aikin bana, shi ya ɗaure ragar, ɗaurin da ko iskar bazara ba za ta kwance ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kayan farko sun iso da hantsi. An sare su ranar Talata da Laraba, an ɗaure kowace da igiya a inji ta zama dami siriri, an lafta su a kan tirela. Kafin a taɓa komai na hau, na cusa hannuna cikin tsakiyar lodin har kafaɗa. Ɗumi na ji, irin na harawar da aka tara da ɗanyenta. Ma'aunin zafi mai dogon tsinke ya nuna digiri 27 a ciki, alhali a waje 15 ne.

Wannan shi ne abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun taɓa da hannunsu. Bishiyar da aka sare ba ta mutu ba tukuna, ganyenta yana ci gaba da numfashi, numfashin kuma yana fitar da zafi. In an matse ɗaruruwa wuri guda babu hanyar iska, zafin nan ya taru ya dafa na tsakiya. Na farkon kaka sun fi yin haka, tunda ba su kwanta ba.

Direban yana so ya je ya ci abinci a sauke da yamma. Na roƙe shi, na sayo masa abincin da kuɗina, muka fara saukewa nan take mu huɗu. Ba mu kwantar da su ba. Tsaye muka jera su a jingine da katako, gindi a cikin jiƙaƙƙen garin katako, layi-layi da ɗan lungu a tsakani yadda iska za ta ratsa. Da magariba na yi musu feshi har ruwa na ɗiga daga ganye. Guda shida daga tsakiyar lodin sun ɗan canza launi a gefe ɗaya, na ɗaura musu jan ƙyalle in sa musu ido.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Tunda gani ya kori ji, na ware bishiya uku masu tsayi ɗaya don in nuna wa dattijon da idonsa. Na rataye kowace a sikeli. Ta farko, kilo 21, na kwantar da ita a kan kwalta a rana kamar yadda muka yi bara. Ta biyu, kilo 22, tana inuwa amma babu ruwa. Ta uku, kilo 21 da rabi, na yanke ƙasan gindinta na tsoma a bokitin ruwa a inuwa.

Sannan maganar gauraye-gauraye. Kowace shekara sai masu saye sun zo da nasu sirrin: wani sukari, wani aspirin, wani lemon kwalba, wata ta ce kakarta bilic take ɗigawa. Na yanko rassa daga bishiya guda, na raba su kwalabe biyar, huɗu da waɗannan, ta biyar ruwan famfo zalla. Masu bincike a jami'ar jihar nan da ta jihar Washington sun daɗe da gwada irin wannan, suka ce ruwa tsabtatacce ya wadatar. Na yarda da su, amma kwalabe a kan tebur sun fi bakina shawo kan mai saye.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Manomin ya aiko hoto: dusar ƙanƙara ta rufe gonar. Alhamdu lillahi. Ya ce ma'aikatansa, galibinsu mutanen Meziko masu zuwa aikin kaka, za su shiga namu da zarar hanya ta bushe.

Talata, 26 ga Nuwamba

'Yan sari sun kwashe kusan duka na farko cikin kwana huɗu. Kowa ya zo na ba shi takarda guda da na rubuta da Turanci: inuwa, ƙasa ba kwalta ba, feshi da dare, kada a buɗe fiye da abin da za a sayar cikin kwana biyu. Wasu sun karanta, wasu sun naɗe sun cusa a aljihu.

Yau ɗaya daga cikinsu ya kira yana faɗa, wai mun sayar masa da ƙonannun kaya. Na bi dattijon muka je. Yana sayarwa a filin ajiye motoci na wani kanti, ya kwantar da guda sittin a ɗaure, a buɗaɗɗen wuri, tun ranar Asabar. Na kwance ɗaya. Gefen da ya kalli rana ya yi layi-layi ja daidai inda igiya ta danne ganye, kamar an ɗora masa zazzafan ƙarfe. Gefen ƙasa kore shar. Na juya masa ita ya gani, ban ce komai ba. A wannan sana'a ana kiran abin ƙunar igiya, kuma yini ɗaya na rana ya isa ya jawo shi, domin dami a ɗaure ba ya iya fitar da zafi kamar bishiyar da rassanta ke a buɗe. Dattijon ya rage masa kuɗin guda goma don zaman lafiya. Ni a ganina ko sisi bai cancanta ba, amma ba ni ke riƙe da abokan ciniki ba. Mun ba shi aron ragowar ragarmu.

Kaya na biyu sun iso da yamma. Na cusa hannu, sanyi ƙalau. Ganyen ma daban yake a hannu, yana da tauri da santsi, in ka ja reshe ta cikin tafinka babu abin da ke biyo ka. Jiya aka nuna a talabijin ana kai bishiyar Fadar White House, ita ma Fraser ce daga Newland a gundumar Avery, ɗaya daga cikin yankunan da guguwar ta yi wa mummunar ɓarna. Yau mutum uku sun tambaye ni ko irinta muke da ita.

Lahadi, 1 ga Disamba

Bikin Godiya, hutun Amurkawa da bayansa kasuwar bishiyoyin nan ke buɗewa sosai, ya faɗo ranar 28 ga Nuwamba bana, a makare, don haka kasuwar ta haɗe wuri guda. Daga Juma'a zuwa yau mun sayar da 260. Ƙafafuna ba nawa ba ne.

Tsarin da muka bi: ba ma fito da fiye da arba'in gaban fili a lokaci guda. Duk wadda za ta fito, a yanke gindinta, a kwance ta, a tsayar da ita a mazauni mai kwanon ruwa. In an saya, a sa ta a injin girgiza ya kakkaɓe matattun ganyen ciki, a sake yanke gindi, a zura ta a raga, a ɗaure a kan mota da gindin yana kallon gaba don kada iska ta wage rassan.

Yankan gindin nan shi ne rabin aikin, kuma a kansa na fi shan gardama. In an sare bishiya, cikin 'yan awoyi ƙaro yake fitowa ya toshe bakin jijiyoyin da take shan ruwa da su, iska ma ta shiga. Ka tsoma ta a kogi ma ba za ta sha ba sai an cire wannan toshiyar. Rabin inci ya isa, yanka a miƙe, falle guda. Daga nan mai ita yana da awa shida zuwa takwas ya kai ta ga ruwa.

Wani bawan Allah ya nace sai na huda masa rami a tsakiyar gindin da injin huji, wai ta nan ruwa ke hawa. Na nuna masa fallen da na yanke, na ce ya duba: tsakiyar itace ba ya ɗaukar ruwa sosai, zoben da ke dab da ɓawo shi ne mai sha. Wata kuma mazauninta ƙarami ne, tana so in feƙe gindin kamar fensir ya shiga. Na ce, “Hajiya,” don bakina ya saba, sai ta yi dariya, na gyara na ce, “Madam, in na feƙe shi na cire mata maƙogwaro ke nan. Ki sayi babban mazauni ko ki ɗauki ƙaramar bishiya.” Ta ɗauki ƙarama.

Abin da nake maimaita wa kowa shi ne awon ruwa: kusan lita ɗaya a yini ga kowane inci na kaurin gindi. Gindi mai inci huɗu, galan guda ke nan, musamman a makon farko. Yawancin mazaunan da ake sayarwa da araha ba sa ɗaukar rabin haka bayan gindin ya cike wurin.

Laraba, 4 ga Disamba

Laifina ne, kuma zan rubuta shi yadda yake. Shekaranjiya na yi feshi da dare kamar kullum ban duba hasashen yanayi ba. Sanyi ya sauka ƙasa da sifili sosai, da safe na tarar da dammunan bishiyoyin sun zama sandunan ƙanƙara, tiyo ya sandare, kwanonin ruwa sun daskare. Maimakon in jira rana ta ɗaga, sai na sa yaran suka fara kwance igiya don cika gaban fili. Reshen da ya daskare ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Kafin in ankara mun lalata guda biyar. Biyu sun tafi wurin matar da ke saƙa mana kambin ƙofa da rassa, uku mun karya farashi.

Ita Fraser sanyi ba ya yi mata komai, 'yar dutse ce. Hannunmu ne ya yi ɓarnar. Daga yau: in dare zai daskare babu feshi, a zubar da ruwan tiyo a shigar da shi ɗaki, kuma ba a kwance dami sai ƙanƙarar jikinsa ta narke. Bishiyar da ke cikin irin wannan sanyin ma ba ta rasa ruwa sosai, in dai an tare mata iska.

Asabar, 7 ga Disamba

Na sake auna ukun nan, kwana goma sha tara. Ta kan kwalta ta koma kilo 15 da rabi. Launinta ya dushe, reshe yana karyewa ƙas, kuma gindinta ya tsage tun daga ƙasa har kusan kamu biyu. Ta inuwa marar ruwa kilo 20, har yanzu kyakkyawa. Ta bokiti kilo 22, wato ta ma ƙaru. Na kira dattijon ya ɗaga ta farko da ta uku da hannunsa. Ya ɗaga, ya ajiye, ya ce kwalta ta ci masa kuɗin mota bara.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ta biyun. Inuwa da kariyar iska kaɗai sun yi mafi yawan aikin. Na yanke gindin ta kwalta na tsoma a ruwa in ga ko za ta farfaɗo.

Tsagewar gindi kuwa, mun samu guda huɗu a gaban fili. Tana faruwa ne in bayan itacen ya bushe da sauri ya tsuke, cikin kuma yana nan da danshinsa. Mai saye in ya gani sai ya ja da baya, amma bishiyar da ta tsage tana shan ruwa lafiya lau. Na ɗauki ɗaya na kai ɗakin kaya na kafa kusa da teburina, in wani ya yi shakka in nuna masa kwanon.

Laraba, 11 ga Disamba

Ruwa kwana biyu, ga ɗumi. Ɗaya daga cikin yaran, da kyakkyawar niyya, ya ga ana ruwa ya ɗauko shuɗin tamfol ya lulluɓe layin ƙarshe na ma'ajiya, ya danne gefensa da bulo. Ban gani ba sai yau da azahar. Da na yaye, wani tururi mai warin ruɓa ya bugo ni. Cikin dammuna takwas ganyen tsakiya ya yi laushi, har da farar hunhuna a wasu. Mun kwance su duka mun tsayar a iska, shida za su sayu.

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma makon jiya na yi tawa. Na dai ce masa ruwan sama kyauta ce gare su, abin da ba sa so shi ne a toshe musu numfashi. Raga tana tare rana ta bar iska ta wuce, tamfol kuwa tukunya ce da murfi. Ɗan Maraɗi ya ce haka albasa take yi a buhun leda, ya kuwa yi gaskiya.

Asabar, 14 ga Disamba

Mutum biyu sun dawo da ƙorafi. Na farko ya kawo bishiyar a bayan mota, busasshiya ƙayau, kwana goma sha biyar da saye. Na duba gindin, ƙaro ya rufe shi ruf, ya yi ƙyalli. Na tambaye shi ko ruwan ya taɓa ƙarewa. Ya ce sau ɗaya ne kawai, da suka yi tafiyar kwana biyu, kuma da suka dawo ya cika kwanon amma ruwan bai sake raguwa ba. To ai shi ke nan. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa da gindi na wasu awoyi, toshiyar ta dawo, kuma wa zai sauke bishiyar da aka gama yi wa ado ya sake yanka? Da na ƙara bincike, ashe a kan ramin da iskar ɗumama gida ke fitowa ya kafa ta. Dattijon ya ba shi wata a rabin kuɗi. Na roƙe shi kada ya mayar da tsohuwar cikin gida, domin busasshiyar irin wannan in ta haɗu da wayar fitila mai matsala, cikin daƙiƙoƙi take kamawa gaba ɗaya, alhali mai shan ruwa da ƙyar wuta ke cin ta.

Ta biyu ta zo da ƙwari a cikin kwalba, baƙaƙe masu dogayen ƙafafu, ta rantse kaska ce. Ba kaska ba ce, darɓa ce irin ta wannan bishiya, wadda ɗumin ɗaki ke tayarwa ta ɗauka bazara ta yi. Ba ta cizo, ba ta cin kayan ɗaki. Na ƙirga mata ƙafafun a gabanta, shida, kaska kuwa takwas gare ta in ta girma. Na ce ta zuƙe su da injin shara kada ta murtsuke su a kan kafet, suna barin tabo. Ga alama kakar bana mai ɗumi ta taimake su. Na ƙara wa kowace bishiya lokaci a injin girgiza.

Wani daga cikin mutanenmu ya biyo ta wurin da yamma, ya tsaya yana kallona da zarto a hannu, ya ce, “Malam, kai da ko itacen kuka ba ka taɓa sarewa ba a gida?” Na ce masa yanzu ma ba sara nake ba, shayarwa nake. Ya sha shayi ya tafi.

Laraba, 18 ga Disamba

Wata guda cif da kafa kwalabe. Ta ruwan famfo rassanta kore, ganye a kafe. Ta sukari da ta lemon kwalba ruwan ya yi yauƙi yana wari, ganye ya fara zuba. Ta bilic ta fi kowa muni, ganyen ya yi ja tun mako na biyu. Ta aspirin ba ta kai ta ruwa zalla ba. Gwajin kwalba biyar ba binciken jami'a ba ne, amma tun da na jera su a kan teburin karɓar kuɗi tambayar sukari ta ragu.

Ta kwalta da na tsoma a ruwa kwana goma sha ɗaya, ko kofi biyu ba ta sha ba. Akwai iyakar da in bushewa ta wuce, bishiyar ba ta komowa, ko an yi sabon yanka. Wannan ya sa na canza yadda nake duba ragowar kaya: ban da jan reshe, ina ɗaga kowace in ji nauyinta, ina lanƙwasa ƙaramin reshe in ga ko zai dawo. Mai sauƙi kamar kara ba ta fita gaban fili.

Jajayen ƙyallen nan shida na lodin farko, biyu na riƙe ban sayar ba. Duk da ruwa da inuwa, sun fi na lodi na biyu zubar da ganye nesa ba kusa ba. Ko zafin tirela ne, ko saran wuri, ko duka biyun.

Talata, 24 ga Disamba

Mun rufe da ƙarfe biyu. Lissafi: cikin 1,200, waɗanda suka lalace a hannunmu 19 ne, har da biyar na ƙanƙara, biyu na tamfol da ukun gwaji. Guda 31 sun rage ba a saya ba amma lafiyarsu ƙalau, wannan kuma matsalar oda ce, ba ta ruwa ba. Kuɗin ruwa, raga da garin katako duka bai kai kuɗin bishiya goma sha biyar ba. Dattijon ya ƙara mini wani abu a ambulan, ya ce in riƙe jan littafin.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Mun kwashe fili. Wani mai kiwo a bayan gari ya zo da mota ya ɗauki ashirin don awakinsa, tunda ba a fesa musu kayan ado ba. Na bi shi na gani, suna cin ganyen har da ɓawo kamar an ba su harawa. Ragowar an niƙa su za a zuba a gindin shuke-shuke. A bakin teku, wajen Fort Macon, irin waɗannan ake jerawa su tare yashi ya taru ya zama tudu, amma nisan ya yi mana yawa.

Abin da na rubuta wa dattijon na baɗi: lodi uku maimakon biyu, na farko kada ya wuce 300, kuma a rubuta ranar sara a jikin takardar kowane lodi. A ƙara ragar inuwa a gefen kudu na gaban fili. A sayi raga ta haya don 'yan sari, a sa kuɗinta cikin farashi. A daina sayar da ƙaramin mazaunin nan mai ɗaukar lita biyu.

Mai tsagaggen gindin nan tana nan a ɗakin kaya, ban bari an niƙa ta ba. An sare ta kusan kwana arba'in da suka wuce. Jiya ta sha kusan rabin lita, yau da safe na ja reshenta ganye uku suka biyo hannuna. Zan ci gaba da aunawa duk Asabar har ta daina sha.